Gyaran da Ya Tsaya a Kwastan

A gidanmu kowa ya iya ciniki sai ni. Mahaifina yana da rumfar hatsi a kasuwar Illela, gero da dawa da wake, wani lokaci har da dabinon da ake kawowa daga Nijar. Yayana tun yana firamare yake iya tsayar da mutumin da ya zo sayen igiya ya sayar masa da tiya biyar ta gero. Inna ma daga cikin gida take sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli, kuma ban taɓa jin mai saye ya fi ta baki ba. Ni kuwa idan aka bar ni a rumfa, addu'a nake yi kada kowa ya tsaya. In mutum ya tambayi kuɗin tiya sai in faɗa ƙasa-ƙasa ina kallon yatsun ƙafata. In ya ce ta yi tsada, sai in ji na yarda da shi.

Farkon shekarun 1980 ne, ina aji uku a makarantar kwana a Sakkwato. Duk hutun da na dawo gida, rumfa ce ke jirana, kuma babban hutun damina shi ya fi tsorata ni, don ya fi wata biyu. Abin da nake so shi ne a bar ni a ƙaramin ɗakin da ke bayan zaure, ni da littattafaina da gwangwanin kan sarkina.

Tun ina aji ɗaya na fara tara kan sarki, irin wanda ake mannawa a ambulan a gidan waya. Na fara da ambulan ɗin da Baba ke jefarwa. Daga baya wani maƙwabcinmu, akawu a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya riƙa ajiye mini na ofishinsu. Nakan yanke kusurwar ambulan da reza, in jiƙa a tasa har kan sarkin ya saki takarda da kansa, in ɗauko shi da hantsakin cire ƙaya, in shanya a kan faifai, sannan in danne shi a tsakiyar ƙamus ya kwana biyu. Wanda hatimin garin ya fito a kansa raɗau ba na jiƙa shi, da takardarsa nake barinsa. Ba wanda ya koya mini wannan. Ina dai jin daɗin ganin sunan gari da kwanan wata a cikin da'irar nan.

A ɗakin karatun makarantarmu na ci karo da wata tsohuwar mujalla mai shafin neman abokan wasiƙa. A can ƙasa wani dattijo a Faransa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya rubuta cewa yana sayen kan sarkin Afirka ta Yamma wanda aka yi aiki da shi, musamman mai hatimin ƙananan garuruwa. Na kwafe adireshin. Sai da na yi sati biyu ina jujjuya shi a aljihu kafin na rubuta masa.

Ƙanen Inna, wanda muke kira Kawu, yana zaune a Ƙonni, tsallaken iyaka, yana da shagon yadi, yana kuma da akwatin wasiƙa a gidan wayar garin. Daga gidanmu zuwa shagonsa tafiyar keke ce da ba ta isa ta gajiyar da mutum ba, kuma masu tsaron iyakar na ɓangare biyu duk sun san ni da ɗan mai hatsi. Wasiƙar da aka jefa a Ƙonni ta fi saurin isa Faransa, kuɗi ma daga can ya fi sauƙin zuwa. Don haka na ba dattijon adireshin Kawu. Da Ingilishi muke rubuta wa juna, nawa na makaranta, nasa mai ɗingishi.

Aikawa ta farko kan sarki hamsin ne, na jera su a fallen littafin rubutu, na ja layi da rula, na rubuta sunan kowane gari a gefe: Illela, Gwadabawa, Ƙonni, Madawa, Tawa. Duka sun shiga ambulan ɗaya na wasiƙa. A hutun zango na biyu na tarar da takardar karɓar kuɗi tana jirana wurin Kawu. Na je gidan waya aka ƙirgo mini sefa, na dawo gida na ajiye su gaban Baba bayan la'asar, yana zaune a zaure yana ɓare goro.

Ya dubi kuɗin, ya dube ni. "Wa yab ba ka?"

"Wani Bature na, Baba. Can Faransa."

"Mi kas saida mai?"

"Kan sarki."

"Sabbi?"

"A'a. Waɗanda anka riga anka yi aiki da su."

"Wanda anka buga ma hatimi? Wanda ko Gwadabawa ba shi kai wasiƙa?" Ya ajiye goron. "Lahiyatai ƙalau, Baturen ga?"

Yayana yana bakin ƙofa yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce in tambayi Baturen ko yana sayen tsofaffin buhuna, muna da su cike da ɗaki.

Baba bai yi dariya ba. Kuɗin sun kai na rabin buhun gero, kuma shi mutum ne da ba ya raina abin da ya shigo hannu. Ya tura mini su, ya ce, "To ji nan. Sau guda ana iya dacewa. In mutumin ga ya dawo ya sake saye, na yarda sana'a ta, babban hutu ka zauna ɗakinka da takardunka. In bai dawo ba, rumfa, tun sahe har la'asar, kuma ban son in ji wani zance."

Na ce na yarda. A raina na riga na ga kaina a ɗaki, don dattijon ya ce a wasiƙarsa in sake aikowa.

Har na miƙe, sai Baba ya ce, "Tsaya. Mi kab ba shi gyara?"

Na ce ban ba shi komai ba.

"Ba ka ba shi komi ba? Hamsin yac ce, hamsin kab ba shi cif?"

A kasuwarmu ba a auna wa mutum hatsi a tsaya a bakin awo. Bayan tiya ta cika ta yi tozo an juye, sai mai sayarwa ya ƙara danƙi ɗaya ko biyu da hannunsa. Wannan shi ne gyara. Mai albasa yana yi, mai gishiri yana yi, mai nono ma tana ƙara rabin ludayi. Ba a rubuce yake ba, amma wanda ya hana shi, mai saye ba zai ce komai ba, sai dai mako mai zuwa ka gan shi a rumfar maƙwabcinka. A wurin Baba, abin da na yi wa dattijon nan rowa ce tsagwaronta, kuma da sunan gidanmu na yi ta.

"Wagga aikawa ta biyu," in ji shi, "da gyara za ta tahi. Na baya da na yanzu."

Washegari da kansa ya je wurin dukawa ya sayo takalmin jar fata da alabe, wato 'yar jakar kuɗi mai ninki uku. Inna ta duba ta ce mutum ba ya cin fata, ta aika aka sayo kilishi mai yawa, mai ƙuli da yaji, ta naɗe shi a takarda. Ta ƙara da faifai guda mai ado, wai na matarsa. Abin da ya kamata ya zama ambulan ya koma kwalin sabulu. Na sa kan sarkin, guda tamanin wannan karon, a cikin ambulan na kwantar a tsakiya, na naɗe kwalin da takardar buhun siminti, na ɗaure da zare. Ba zan ɓoye ba, ni ma abin ya burge ni. Na riƙa hango dattijon yana kwancewa.

A gidan wayar Ƙonni ma'aikacin ya ɗora kwalin a sikeli, ya ce wannan ya wuce wasiƙa, ya miƙo mini wata 'yar koriyar takarda. Ya ce in rubuta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya da kuɗin kowanne, don kwastan ɗin can. Ban taɓa ganin irinta ba. Ban so in cika ta a tsaye mutane na kallona, don haka na ce zan dawo gobe, na ɗauko kwalina na komo gida.

Ranar Baba ya tafi ƙauye sayen wake, sai Inna na samu a tsakar gida tana tace mai. Na zauna da ƙamus da alƙalami na ce ta faɗa mini kuɗin takalmin.

Ta ce, "Nawa badukun yac ce da farko?"

Na faɗa mata, na kuma faɗa mata abin da Baba ya biya bayan an daɗe ana ja, wanda bai kai rabi ba.

"Rubuta na farkon."

"Inna, ba shi anka biya ba."

"Ai shi ma kuɗin takalmin na. Babanka na yaf fi shi baki." Ta ɗago ta dube ni. "Kyauta za ka kai ma dattijo, ka rubuta mata kuɗin raini? Shi buɗe shi ce wanga abin kunka ga ya dace da ni? Rubuta mai kauri, kai dai."

Na ga akwai gaskiya a maganarta. Na rubuta kuɗin farko na takalmi, na alabe ma haka. Kilishi da faifai ita ta yanka musu kuɗi, ba ta kuwa tausaya musu ba. Na mayar da lissafin sefa, na duba sau biyu, na rubuta da kyakkyawan rubutu ba gogewa ko ɗaya. Ma'aikacin ya karanta, ya ɗaga gira, ya manna a jikin kwalin. Kuɗin aikawar ya cinye fiye da rabin abin da na samu a karon farko.

Na koma makaranta na yi zango na uku da kwanciyar hankali. Har na tsara littattafan da zan karanta a hutun, na rubuta sunayensu a bayan littafin lissafi.

Ranar da na dawo gida ban ko kwance akwati ba na hau keke sai Ƙonni. An yi ruwa da safe, hanya duk taɓo. Kawu ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini ambulan, ya ce ya fi wata yana nan. Ba takardar kuɗi tare da shi. Na koma bayan shagon, na zauna a kan dilar yadi na buɗe.

Dattijon bai yi zagi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce takarda aka aiko masa daga ofishin kwastan na babban birnin yankinsu, ya shiga jirgin ƙasa ya je, ya yi rabin yini a layi. An buɗe kwalin a gabansa. Naman an ƙwace, an ce ba a shiga da nama ƙasar ta gidan waya. Takalmi da jaka da faifai an yanka musu kuɗin fito bisa kuɗin da na rubuta da hannuna, kuma abin da ya biya ya fi kuɗin kan sarkin duka. Man naman ya ratsa takarda ya ɓata kusan ashirin daga cikinsu. Ya ce bai yi odar waɗannan kaya ba, bai kuma gane ko ina jiran ya biya kuɗinsu ba ne. Shi ɗan fansho ne, in ji shi, wannan abin sha'awa ce kawai yake yi da ɗan abin da ya rage masa. Yana ganin gara mu dakata haka. Ya yi mini fatan alheri a karatuna.

Na karanta sau uku. Sannan na ninke na sa a aljihu, na ce wa Kawu lafiya lau. Bai yarda ba. Ya rufe shago da wuri, ya ce ai da ma yana son ganin yayarsa, ya ɗora kekena a bayan motar wani abokinsa muka taho tare.

A zaure na fassara wa Baba wasiƙar, Kawu na gefe, yayana a tsaye, Inna kuma na san tana bayan labule. Da na zo wurin kwastan sai Baba ya ɗaga hannu.

"Dakata. Su ma suna da kwastan?"

"Suna da shi, Baba."

"Har cikin gidan waya?"

"Har ciki."

Ya girgiza kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa ciwon da yake fama da shi ya kama wani a nesa. Rayuwarsa duka tsakanin kwastan ɗinmu da duwan, wato kwastan ɗin Nijar, ya yi ta. Ya ce in ci gaba. Da na kai wurin kuɗin da na rubuta da hannuna, ya sake tsayar da ni.

"Wace takarda ta wagga?"

Na ba shi labarin koriyar takardar.

"To mi kar rubuta?"

Na faɗa masa. Na takalmi, na alabe, na kilishi, na faifai.

Kawu ne ya fara. Dariya ta kama shi har hularsa ta faɗi. "Kai, ɗan'uwa! Mu nan muna rantsuwa kaya bai kai kuɗinai ba, kai ka ninka ka miƙa ma kwastan da kanka? Wallahi duwan ɗin Ƙonni in sunka ji, hotonka za su rataya a ohis."

"Da rula yaj ja layi, Kawu," in ji yayana. "Na rantse da rula yaj ja."

Baba ya dube ni ya daɗe. "Shekara talatin ina ƙetare iyakar ga," ya ce, "ban taɓa jin wanda yaƙ ƙara ma kayanai kuɗi gaban kwastan ba. Sai ɗana."

Daga bayan labule Inna ta ce, "To ni na san kwastan zai karanta? Ni dattijon nir rubuta ma."

Nan ma aka sake fashewa da dariya, har Baba sai da ya murmusa. Ni kaɗai ne ban yi ba. Na san abin da ke biye.

Da dariyar ta lafa Baba ya karɓi wasiƙar, ko da yake ba ya karanta boko, ya jujjuya ta. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wanda yas sayi gero, gero aka ƙara mai. Ban taɓa ƙara ma mai sayen gero takalmi ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan game da nasa kason na laifin, kuma a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ya ɗago. "Maganata tana nan. Bai dawo ba, gobe rumfa. Amma ɗauko alƙalaminka. Ba a barin mai saye shi tahi da asara wadda kai kaj ja mai."

Shi ya faɗi wasiƙar, ni na mayar Ingilishi. A gaishe shi, a gaida iyalinsa. A gaya masa kayan nan ba na sayarwa ba ne, ko kwabo ba a binsa. A gaya masa wahalar da ya sha a ofishin kwastan mun san irinta, kuma mu muka jawo masa. Za a aiko masa da kan sarki kyauta har sai sun rufe abin da ya biya da waɗanda mai ya ɓata, daga nan in ya ga dama a ci gaba, in bai gani ba an rabu lafiya. Kalmar gyara ce ta ba ni wuya. Na duba ƙamus ban sami wadda ta zauna daidai ba, sai na cika rabin shafi ina kwatanta tiya da danƙin hannu da yadda mai nono ke ƙara ludayi. Na zuba duk abin da ya rage a gwangwanina, guda sittin da 'yan kai, a ambulan na wasiƙa. Kawu ya tafi da shi.

Washegari na fara rumfa.

Damina ce, hatsin bara ya ja baya a rumbuna, mutanen Lafani da Gidan Katta suna shigowa sayen na ci kafin sabo ya nuna. Rumfa ba ta rabuwa da jama'a. Kwanakin farko na sha wuya. Nakan cika tiya in tsaya ina daidaita tozonta har layi ya taru. Wata tsohuwa mai kawo busasshen kifi daga Kalmalo ta gaji da ni, ta kama wuyan hannuna ta cusa cikin buhun, ta ɗebo ta zuba a ƙwaryarta.

"Haka aka yi, ɗan makaranta. Hannun naka na ado na?"

Abin da ban zata ba shi ne Baba ya mayar da zancen kan sarki nasa. Gwangwanina ya zama wayam, shi kuma Baba ya yi wa mutum alkawari. Ranar Lahadi, ranar babbar kasuwa, duk wanda ya tsaya gaisawa sai ya ce masa, da muryar da ake ji har layin masu albasa, "In kana da tsohon ambulan gida kawo ma yaron ga. Wani Bature muka biya bashi." Ni kuwa in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Suka fara kawowa. Direbobin manyan motoci, dillalan shanu, wani malami da ɗansa ke karatu a Sudan, wani tsoho da ke samun wasiƙa daga ƙanensa a Kumasi. Wasu don su taimaka sai su ɓamɓare kan sarkin da farce su kawo shi a yage. Dole ta sa na fara magana. Nakan ce, "Baba, don Allah kada a cire, a kawo da ambulan ɗin." Sai su tambayi dalili, in nuna musu hatimin, in karanta musu sunan garin da ranar da aka buga. Wani dillali ya tsaya ya ji ranar da ke kan nasa, ya ce lallai, satin da aka haifi 'yarsa ta biyu ke nan, ya fasa bayarwa ya mayar aljihu. A cikin sati uku na sake haɗa ambulan na biyu na aika, shi ma kyauta.

Ba zan ce na so rumfa ba. Ƙafafuna na ciwo, ƙaiƙayin gero na cin wuyana, littattafan da na tsara ko ɗaya ban gama ba. Amma na daina addu'ar kada kowa ya tsaya, don ban san wanda zai zaro ambulan daga aljihu ba.

Sati na shida, wata Lahadi wajen azahar, na hango Kawu yana ratso layin masu gishiri yana ɗaga wani abu sama kamar tuta. Baba ya ce in karanta a nan, kowa ya ji. Maƙwabtan rumfa suka matso, don duk sun san zancen.

Dattijon ya ce ya karanta wa matarsa bayanin gyara sau biyu. Ya ce lokacin yana yaro, a kasuwar ƙauyensu, mai sayar da ƙwai takan ƙara wa mahaifiyarsa guda ɗaya, ya manta da wannan sai da wasiƙata ta tuna masa. Ya ji kunyar wasiƙar da ya rubuto. Takalmin ya yi masa kaɗan amma ya yi wa matarsa daidai, da shi take shiga lambu. Abin da ya fi ba shi haushi yanzu, in ji shi, shi ne naman da bai ɗanɗana ba, don ƙamshinsa ya cika ofishin kwastan ɗin. Ambulan biyun da na aiko sun rufe asararsa har sun yi rara, kada in sake aiko da kyauta. Yana son wasu ɗari, musamman masu hatimin Illela da garuruwan arewacin Nijar, ya kuma riga ya aiko da kuɗinsu. Sharaɗinsa ɗaya ne: komai ya zo a ambulan, kada ya wuce nauyin wasiƙa. A ƙarshe ya ce a gaida mahaifina, ɗan kasuwa ne na gaske.

Wannan jimlar ta ƙarshe sai da Baba ya sa na maimaita, wai hayaniya ta hana shi ji.

"Ya dawo ke nan?" ya ce.

"Ya dawo, Baba."

"To tashi ka ba ni wuri. Da ma awonka na kashe man kasuwa."

Yayana ya ce wannan ba adalci ba ne, shi ma zai nemo Baturen da ke sayen ɓawon gyaɗa. Baba ya ce ya nemo, in ya saya sau biyu shi ma ya huta.

Sauran hutun a ɗakina na yi shi. Lahadi kawai nake fita kasuwa, ba don an sa ni ba, sai don ranar ce masu ambulan ke zuwa nemana. Na karanta uku daga cikin littattafan nan. Na kuma koyi abin da koriyar takardar ke nufi, har daga baya wasu 'yan garinmu masu aika wa 'ya'yansu kaya waje suka riƙa zuwa in cika musu, in gaya musu abin da ke wucewa da abin da ake tarewa. Cinikina da dattijon ya kai shekara huɗu, har lokacin da aka rufe iyaka muka koma aikawa ta gidan wayar Illela.

Ranar da na haɗa ɗarin nan na farko, Baba ya leƙo ɗakin, abin da bai saba yi ba. Na nuna masa jerin, na nuna masa wasu guda uku da na ware a gefe, masu hatimin Agadas, na ce su ne gyara. Ya ɗauki ɗaya da yatsu biyu ya ɗaga wajen haske ya duba.

"Uku?" ya ce. "Ƙara guda."

Na ƙara. A gidan waya ma'aikacin ya ɗora ambulan ɗin a sikeli, allurar ta ɗan motsa ta tsaya. Ya buga hatimi ya jefa shi cikin buhun wasiƙu.